Sunan Ɗan Fari a Wayar Bushiya

Ga ta nan tafe, ga ta nanku!

Ta iso mu ji ta.

Wata tsohuwar Bushiya ce ɗanta na fari, Tanimu, ya saya mata waya, ya ce ta sa kalmar sirri. Kun san uwa ba ta kiran sunan ɗan fari. To, sai ta sa sunansa.

Rannan Kura ta tsinci wayar a bakin rijiya. Ta gwada sunan Tanimu, waya ta buɗe. Yawu na zuba, ta rubuta: "Tanimu, zo kurmi kai kaɗai, ba ni da lafiya."

Tanimu ya karanta, ya ce, "Inna ta kira ni da suna? Ƙarya ne!" Ya tafi da karnuka. Kura ta yar da waya, ta ranta a na kare.

Ya dawo gida ya ce, "Inna, duk dawa an san sunana. Me ya sa kika sa shi?"

Ta sunkuyar da kai. "Ɗan nan, bakina ba ya iya faɗa. Yatsana ne yake kiranka kullum."

Sai ya ce, "To, bar shi. Mu ƙara masa waƙar da kike yi mini a goye. Wannan mu biyu muka sani."

Ƙurunƙus, kan ɗan ɓera, tawa ta ƙare.