Kawo-Nan da Motar Auta

An yi wani mai gyaran rediyo da talabijin wanda kowa a layinsu ya sallama masa. Duk na'urar da ta gagari masu gyara, gabansa ake dire ta, kuma kafin mai ita ya gama ba da labarin yadda ta lalace, ta soma magana. Sai dai yana da wani mugun hali, ba ya iya tsayawa ya ga wani yana aiki a hankali. Ko zare matarsa take sa wa allura, in ta kuskure sau ɗaya sai ka ji ya ce, "Kawo nan." Da haka sunan Kawo-Nan ya bi shi, shi kuwa bawan Allah ya ɗauka kirari ne.

Cikin 'ya'yansa huɗu, uku sun tsere wa shagon tun suna ƙanana. Auta kaɗai ta jure. Shekarunta goma sha huɗu, kuma in ta taso daga makaranta, kusurwar shagon take wucewa ta zauna tana kwance matattun rediyoyi.

Wata shekara makarantarsu ta sa ta cikin gasar ƙere-ƙere ta ɗalibai. Kowane yaro zai haɗa 'yar mota mai tuƙa kanta, ta bi baƙin layin da aka zana a ƙasa, ta ɗauki gwangwani ta kai shi akwati. Ukun farko za a ɗauke su shirin horar da ƙananan injiniyoyi na shekara guda. Auta ba ta da wani buri a duniya da ya wuce wannan gurbin.

Wata biyu ta yi tana fama. A faɗi gaskiya, motar ba ta da kyan gani ko kaɗan. Murfin tsohuwar rediyo ne jikinta, taya ɗaya ta fi sauran girma, wayoyi sun yi cirko-cirko kowace da launinta. Da launuka suka ƙare mata, sai ta ari jan farcen mamarta tana yi wa wayoyin alama: ɗigo ɗaya na tayar hagu, biyu na dama, uku na idon da ke ganin layi. Motar tana tafe tana ɗingishi, amma tana kai gwangwaninta.

Ranar da ta gwada ta a gaban uban, sai ya yatsine fuska. "Wannan kwamacalar za ki kai gaban jama'a, a ce 'yata ce ta yi? Kawo nan."

Auta ta rungume abarta. "Baba, don Allah ka bar mini ita. Malama ta ce kowa da hannunsa, kuma akwai gwaji na biyu da za su…"

"Ko goma ne. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe."

Matarsa ta sa baki daga ƙofar kicin. "Baban Auta, kai ma fa ba da iyawa aka haife ka ba. Ka bar yarinya da abinta."

Maganar ba ta shiga kunnensa ba. Saura kwana biyu gasa, Auta tana makaranta, ya sauko da motar daga kan kantar da ta ajiye ta ya tura ƙofar shago. Cikin awa uku ya tsinke wayoyinta duka, ya sa sababbi baƙaƙe iri ɗaya, ya ɗaure su tsaf wuri guda, ya sauya wa komai mazauni, ya rufe da murfi mai sheƙi. Da ta dawo ta tsaya tana kallo, sannan ta leƙa kwandon shara ta ga wayoyinta masu ɗigon jan farce a yanke gutsi-gutsi.

"Baba, ina tawa?"

"Ga taki nan, yanzu ta zama mota. Sai ki gode mini."

Ba ta gode ba, ba ta kuma yi kuka ba. Lokacin sake wata ya riga ya ƙure.

Ranar gasa Kawo-Nan ya kame a kujerar gaba. Motar ta bi layi kamar an ja ta da zare, ta riga kowa jefa gwangwani. Zauren ya ɗauki tafi, shi kuwa yana zungurin na kusa da shi yana cewa, "'Yata ce."

Sai shugabar alƙalan gasar ta miƙe ta bayyana gwaji na biyu. Za su shiga da kowace mota bayan labule su zare waya ɗaya, mai motar ya gano ta ya mayar cikin minti goma sha biyar. Yaran da motocinsu suka fi ta Auta ta farko muni suka gyara nasu cikin minti biyu uku, don sun san kayansu. Auta ta buɗe murfin ta tarar da baƙaƙen wayoyi ashirin, ba wadda ta bambanta da 'yar'uwarta. Ta taɓa wannan, ta saki, ta taɓa waccan. Ta rasa ta inda za ta fara.

Daga inda yake zaune uban yana hango wayar da aka zare. Gumi ya karyo masa. Ya daure minti biyar, ya daure goma, sai ga shi tsaye, zauren kuwa tsit, bakinsa ya suɓuce.

"Kawo nan."

Shugabar alƙalan ta dube shi, ta dubi yarinyar. A hankali ta ce, "'Yata, wa ya haɗa motar nan?"

Auta ta sunkuyar da kai. "Ba ni ba ce."

Nan take aka soke sunanta, aka kuma hana ta shiga gasar baɗi. A bakin ƙofa malamar kimiyyarsu ta tare shi, idonta jawur. Ta ce, "Malam, na auna gudun tsohuwar motarta a makaranta. Da ita ta kawo, da ɗingishinta da komai, ta biyu za ta zo."

Bayan mako guda ya ɗauko wata matacciyar rediyo ya kai wa Auta ɗaki, yana murmushin da bai kai ciki ba. "Auta, duba mini wannan mana."

Ta karɓa da hannu biyu, ta mayar masa da hannu biyu. "Ga shi, Baba. Ai ka fi ni iyawa."

Ba ta sake taka shagon ba. Yau idon Kawo-Nan ya yi rauni, ba ya ganin ƙananan wayoyi, yakan wuni riƙe da ƙarfen liƙa waya da dalma yana lalube. Yanzu da yake neman wanda zai ce masa "kawo nan", ba kowa a kusurwar sai tarin rediyoyin da ba a kwance ba.

Don haka iyaye da malamai, a yi hattara. Ba kowane taimako ne alheri ba. In ka ƙwace aiki daga hannun mai koyo don kana jin kunyar munin aikinsa, ka hana shi iyawa, ka kuma kashe masa sha'awa, ita kuwa in ta mutu ba gwanin da zai iya gyara ta. Gara karkataccen aikin da yaro ya yi da hannunsa da kyakkyawan da aka yi masa.