Mahaucin da Ya Fake da 'Ya'yan Mutane

An yi wani mutum a Sheme, mahauci, zamanin 'yan doka masu jar dara. Wata rana yana zauren alƙali aka sallami yaron da ya saci akuya, aka ce bai balaga ba, alƙalami bai hau kansa ba. Kowa ya ga rahamar shari'a, shi kuwa gogan ƙofar sana'a ya hango.

Ya shiga jawo yaran gari da guntun balangu. Wanda bakinsa ya saba da maiƙo, sai ya koya masa koro tumakin Fulani daga wurin kiwo, tun daga Ketare har gefen Sabuwa. In an kama yaro, a zane shi a sake shi. Mahauci na gindin tukuba yana jan tasbaha.

Ya 'yan uwa, wa ya gaya masa in alƙalami ya tsallake yaro ajiye alƙalamin ake yi?

Rannan makiyaya suka karya hannun ɗaya daga cikin yaran, Gide, ɗan wata Baraka da mijinta ya rasu. Ta tsare shi da tambaya har ya faɗi wanda ke aikensu. Ba ta tsaya kuka ba, ta ci ɗamara ta taka har Faskari ta kai ƙara.

Ranar kasuwa ɗan doka ya iso da wani makiyayi, Barau. Kwaɗayi bai taɓa barin mahaucin ya yar da kawunan tumakin ba, ga su jere a faifai. Barau ya ɗaga ɗaya, ya ce tsagar kunnen nan ta gidansu ce tun kakansa.

Gaban alƙali mahaucin ya ce ai yara ne, bai aike su ba. Alƙali ya ce, "Yaro hannu ne. Mai hannun muke nema, ga ka kuwa."

Ya yi shekara biyar a kurkukun Katsina. Da ya dawo, Sarkin Pawa ya hana shi riƙe wuƙa. Ranar da ya mutu aka nemi samarin da za su ɗauki makara, aka rasa: waɗanda ya lalata, wasu na ɗaure, wasu sun shiga daji. Iyayensu tsofaffi ne suka kai shi, suna tafe suna hutawa.

Wanda ya koya wa ɗan wani sata, garinsa ya yi wa yankan baya. In kun gan shi, ku kai shi gaba, ko da ɗan ɗakinku ne.

Allah ya kiyaye mu, ya kiyaye mana zuriya.