Ranar da Aka Yi wa Hajja Tafi

Akwai wani saurayi a Miri, can gefen garin Bauchi, sunansa Hammadu. Tun yana ƙarami hannunsa ba ya zama. In ya samu gawayi sai bango, in bai samu ba sai ya tsuguna ya yi ta zane da tsinke a ƙasa. Ya sha duka a kan bangon mutane, bai daina ba.

Da ya gama sakandare ya ce shi makarantar koyon zane zai shiga, a cikin gari. Gida ya ɗauki zafi. Ubansa ya ce bai ga dalilin da ƙaton namiji zai bar gona ya tafi koyon shafa fenti ba. Aka yi wata uku ana ja.

Kakarsa ce ta raba gardamar, Hajja Hamsatu, uwar ubansa. Bafulatana ce, a ruga aka haife ta. Da shanu suka ƙare ne suka zauna a Miri suka kama noma. Ta kira ɗanta ta ce ta gaji da hayaniya, a bar yaron ya tafi. In zanen bai ba shi tuwo ba, ai gona ba ta da ƙafa, zai dawo ya same ta inda ya bar ta.

Shekarun farko lafiya lau. Ya zana Hajja tana tsintar wake, duk wanda ya gani sai ya gane ta, har da haƙorinta da ya fita.

A shekara ta uku ne abu ya canza. Ya fara kawo wasu zane da ake kira na zamani, ja nan, baƙi can, ba kai ba ƙafa. Hajja ta juya ɗaya sama, ta juya shi ƙasa, ta tambaye shi ko fentin ne ya zube masa. Ya yi dariya ya ce ita ba za ta gane ba. Kun san wasan kaka da jika. Ta ce, “To maigida, in da wannan za ka ciyar da ni, ka sake ni tun da sauran ƙarfina.”

Wannan kalma ta “ba za ki gane ba” ita ta zauna masa a baki. Ubansa ba zai gane ba, maƙwabta ba za su gane ba, duk Miri babu mai ganewa.

Daga nan kuma ya shiga wani fanni da ni kaina sai da aka yi ta yi mini bayani. Ba a takarda ake yin sa ba. Mutum ne zai tsaya a gaban jama'a ya yi wani abu da jikinsa ko da kayan da ya kawo, masu kallo su yi shiru su ɗauki ma'ana. Ba wasan kwaikwayo ba ne, wai, don abin da aka yi da gaske ake yin sa. Da wannan Hammadu zai yi jarrabawarsa ta fita. Ya ce zai nuna yadda makiyaya suka rasa dabbobinsu suka koma zaman gari. Tunanin kam ba laifi.

To, a ɗakin Hajja akwai wata babbar ƙwarya a ragaya. Uwar Hajja ce ta yi wa ƙwaryar zanen jikinta da hannunta, tun kafin a yi wa Hajja aure. Shanu sun tafi, ruga ta tashi, uwar ta daɗe a ƙasa, ƙwaryar nan ce kawai ta rage. Ba a dama fura a ciki. Ana sauke ta ne in 'yar gidan ta yi haihuwar fari, Hajja ta cika ta da nono ta ɗauka a ka ta kai wurin suna. Haka ta yi wa 'ya'yanta mata duka.

A lokacin, Habibatu yayar Hammadu na da tsohon ciki, na fari. Hajja ta riga ta faɗa cewa in ta kai ƙwaryar wannan sunan, can za ta bar ta, ta zama ta Habibatu.

Hammadu ya san duk wannan. Amma a idonsa ƙwarya ƙwarya ce, kasuwa cike take da su. Ya gwada da sababbi, ya ga ba su da idon tsufa. Sai ya je ya ce wa Hajja ta ara masa tata, zai nuna wa mutane a makaranta.

Bai yi ƙarya ba. Bai kuma faɗi gaskiya ba.

Hajja ta ji daɗi ƙwarai. Ita da kanta ta sauke, ta goge, ta naɗe masa a zani. Ran Litinin kuma, ranar jarrabawar, ba ta gaya masa ba, ta ci ado ta hau acaɓa da ciwon gwiwarta, daga Miri har makarantar. So take ta ga masu ilimi suna kallon aikin hannun uwarta. Ta samu kujera a baya ta zauna.

Hammadu ya fito da sanda a kafaɗa, ƙafa ba takalmi. Ya zuba nono a ƙwaryar. Ya yi ta zagaya fili yana kiran shanu, babu saniyar da ta amsa. Ya kira har muryarsa ta dushe. Wurin ya yi tsit. Sai ya ɗaga ƙwaryar sama da hannu biyu, ya maka ta da siminti.

Hajja ba ta yi ihu ba. Ta dafa kujera ta miƙe, ta ratsa mutane a hankali har tsakar fili. Ta durƙusa, ta shimfiɗa mayafinta, ta fara tsintar sakaina ɗaya bayan ɗaya. Kowacce ta ɗauka sai ta share nonon da tafin hannu kafin ta ajiye.

Jama'a suka ɗauka shiri ne. Wayoyi suka tashi sama. Da ta ɗaure mayafin ta ɗora a ka, sai tafi ya ɓarke, wasu har da miƙewa tsaye. Wani ya ce ina yaron nan ya samo tsohuwar da ta iya haka. Ta wuce ta gaban jikanta, ko kallonsa ba ta yi ba.

Malama Liatu, wadda ke koya musu fannin, ita kaɗai ce ba ta tafa ba. Ta bi tsohuwar waje ta tsayar mata da abin hawa, sannan ta dawo ta ja Hammadu gefe.

“Ta san za ka fasa?”

Ta ce masa alƙalai sun riga sun rubuta, shi ne na ɗaya, ba ta da ikon gogewa. Amma ya sani, tafin nan ba nasa ba ne, kuma wadda aka yi wa ba ta roƙa ba.

Maganar ba ta shige shi ba, don kansa ya riga ya ɗauki hayaƙi. Wani babban mutum daga GRA ya riƙe masa hannu ya ce ran Asabar yana da manyan baƙi masu son irin wannan fasaha, ya zo gidansa ya maimaita. Amma fa ya zo da tsohuwar.

Da la'asar ya iso gida. Ya tarar da Hajja a bakin ƙofarta, ƙullin mayafin na gefe ba ta kwance ba. Ya tsuguna ya shiga bayani. Wai fasawar ita ce ma'anar, wai yanzu ƙwaryar ta shiga duniya, dubban mutane za su gani a waya. Har bakinsa ya iya faɗa mata zancen Asabar.

Ta saurare shi har ya gama. Sannan ta ce, “Hammadu, wacce za ka fasa ran Asabar ɗin? Uwata ɗaya ce, ƙwarya ɗaya ta bar mini.”

Daga ranar babu maigida, babu wasa. In ya gaishe ta ta amsa, shi ke nan. Ubansa ya so ya ɗauki mataki, ta hana. Ta ce ita ta ce a bar shi ya je makarantar, ita za ta sha abinta.

Ran Laraba Habibatu ta sauka, aka samu mace. Gida ya cika da murna. Hajja ta yi addu'a, ta kuma ce ranar suna ba za ta iya zuwa ba, gwiwa ta matsa mata. Kowa ya san ba gwiwa ba ce. Matar da ta kai ƙwarya sunan kowace haihuwar fari ba za ta shiga taron nan da kai fayau ba.

Habibatu ta kira ƙanenta a waya, tana kwance a ɗakin jego. Ba ta zage shi ba. Ta ce ita dai tun tana yarinya take jiran ranar da Hajja za ta shigo mata da ƙwaryar nan, to ya gaya mata, bidiyon za ta nuna wa 'yarta?

Wannan ce ta kayar da shi. Washegari ya je ya roƙi Hajja ƙullin. Ta ce ya ɗauka, ai babu sauran abin da zai fasa.

Ya shiga gari neman gyartai, mai ɗinkin ƙwarya. Tun da roba ta zo, sana'ar ta mutu. Ya yi ta yawo lungu-lungu har aka kwatanta masa wani tsoho a Ƙofar Dumi, Ɗanlarai, wanda yanzu ludayi da faifai yake sayarwa.

Ɗanlarai ya kwance ƙullin ya yi ta shafa sakainun da yatsa. Ya ce wannan ba faɗuwa ta yi ba, jifa aka yi da ita. Hammadu ya ce shi ne. Tsohon ya ce to idonsa ya mutu, ba ya ganin ramin basilla. In ana son ɗinki, wanda ya yi jifar ya zauna ya yi, shi zai riƙa faɗa masa.

Kwana biyar Hammadu na zaune a kan buhu a bakin rumfar nan. A huda rami kusa da rami, a ja zare, kada a matsa ta tsage, kada a sassauta ta yi baki. Basilla ta huda masa yatsu. Ran farko ma garin sauri ya ƙara raba wata sakaina biyu. Ɗanlarai ya tambaye shi shekara nawa ya yi a makarantar aikin hannun. Ya ce huɗu. Tsohon ya ce Allah ya sa dai ba da rana suke karatun ba.

Asabar ta zo, waya ta yi ta kuka a aljihu, mutumin GRA ne ke kira. Hammadu ya ɗauka sau ɗaya ya ba da haƙuri. Mutumin ya ce yaran yanzu ba su san dama ba, ya kashe. Bai sake nemansa ba.

Da aka zo haɗa baki sai aka ga gurbi ɗaya babu, kamar faɗin yatsa uku. Ya koma makaranta ya duba, an daɗe da sharewa. Ɗanlarai ya sa ya yanko daga sabuwar ƙwarya ya cike. Facin ya fito fari fat a cikin tsohon jiki. Hammadu ya ce zai kawo fenti ya kwaikwayi zanen, ba wanda zai gane.

“Wa za ka rufa wa ido?” in ji Ɗanlarai. “Matar da ta shekara sittin tana kallon abinta? Bar shi a yadda yake.”

Ran suna da hantsi ya kai mata. Ta karɓa ta daɗe tana juyawa. Ta bi kowane ɗinki da ɗan yatsa, ta tsaya a kan farin facin, ta wuce. Ta dubi yatsunsa da suka kumbura. Ta ce ɗinkin kamar na buhun masara, kuma nono ya gama zama a cikinta har abada.

Ya ce haka ne.

Can ta ce a ɗebo mata gero. Aka cika ƙwaryar, ta rufe da faifai, ta ce ya kama mata ta ɗora a ka.

A gidan suna mata suka yi caa a kanta. Masu shekaru sun san ƙwaryar, suka hau salati, suna tambayar me ya same ta. Hammadu na tsaye a bakin zaure, yana jin komai, yana jiran a kira sunansa.

Hajja ta sauke ta a gaban Habibatu ta ce, “Fashewa ta yi. Jikana Hammadu ne ya zauna kwana biyar ya ɗinke ta da hannunsa.”

Wata ta ce to wane mara imanin ne ya fasa?

Hajja ta gyara zama, ta miƙe ƙafafunta masu ciwo, ta ce a miƙo mata jaririyar ta gani.

Darasi: 'Ya'yana da jikokina, ku yi karatunku, ku yi zanenku, babu mai hana ku. Amma abin da ka gani a rataye a ɗakin tsoho, kada ka ce ba shi da amfani don kai ba ka san amfaninsa ba. Tambayi mai shi, ka kuma faɗa masa gaskiyar abin da za ka yi da shi. Fasawa ba ta ɗaukar lokaci, gyara kuwa sai ka zub da jini, kuma ba ya komawa yadda yake. In Allah ya ba ka wanda ya rufa maka asiri bayan ka ɓata masa, ka riƙe shi da kyau tun yana raye. Ku tura wa 'yan makarantar da ke gidajenku su karanta.