Kujerar da Ganga Ba Ta Kaiwa

Ga wata nan na kawo muku, ku gyara zama. Ba ta dawa ba ce, ba kuma ta zamanin da ba. A gidan da aka kawo ni aure ta faru, a Malumfashi, bara da kaka. 'Yan'uwa uku ne a cikinta, uwa ɗaya uba ɗaya, kuma ɗayansu mijina ne. Ba zan iya kama sunansa ba, in kuwa na faɗi na biyun na tsallake nasa, kun gane shi ke nan. Don haka zan kira su yadda Inna, mahaifiyarsu, take kiransu: Babba, da Direba, da Auta.

Baba, mahaifinsu, makaɗin gangar noma ne a ƙuruciyarsa. An ce in ya fara kiɗa a gonar gayya, mutanen ƙauyen gaba sukan bar abin da suke yi su ɗauko fartanya. Ni ban riski wannan ba. Tsoho na tarar, mai fara'a, wanda kunne ya fara yi wa nauyi. Muryar mata da ta jikoki ce ta fara ɓace masa. In na durƙusa na gaishe shi, bakina yake kallo, sai ya ga na rufe shi sannan ya amsa.

Akwai wani falo da 'ya'yan suka haɗu suka gina, mai girman gaske, taku goma sha bakwai a tsawo, tara a faɗi, silinsa can sama. Nan ake kallon fim da ƙwallo, nan ake sa kiɗa ranar suna ko Sallah. A tsakiyarsa, daidai ƙarƙashin fanka, kujerar Baba take, ta katako mai hannu. Ba wanda yake zama a kanta. Ko Baba ya yi tafiya, kewaye ta ake yi.

Wata rana Inna tana neman wani tsohon zane a akwatinta, sai ta ci karo da kaset. Wani mutumin gidan rediyo ne ya ɗauki Baba a wajen gayya, shekara arba'in da wani abu da suka wuce, yana kiɗa, amininsa marigayi Cindo yana yi wa manoma kirari. Aka juye shi a waya, aka sa a talabijin, kowa ya taru. Baba ya miƙa wuya, ya kara hannu a kunne, ya daɗe a haka. Da aka gama ya ce, "Na ga kawunanku suna motsi, amma ni ba abin da ya iso nan. Da zan ji gangar nan ko sau ɗaya, da na gode wa Allah."

'Ya'yan uku kuwa kowa ya ji maganar ta zauna masa.

Babba mai sayar da hatsi ne, ba mai gaggawa ba. Ya yi tambaya, aka ce masa sifikar talabijin ba ta iya fitar da ƙasan sauti, sai an samo abin da ake kira wufa, wani akwati mai nauyi da ba ya fitar da magana, sai kaurin nan da mutum yake ji a ƙirji. Aka ce kuma kunnen tsoho, ko ya rasa sirarar murya, yakan riƙe mai kauri. Ya auna falon da ƙafarsa, ya rubuta a takarda, ya tafi Kano.

Kwana huɗu ya yi yana shiga shago yana fita. Duk inda ya je sai a sa masa waƙar zamani, shi kuwa sai ya miƙa wayarsa ya ce kiɗan Baba kaɗai za a sa. Wani mai shago ya jawo masa wata mai fitilu ja da kore, da rami a gabanta, ya ce, "Alhaji, wannan ko bango sai ta girgiza shi."

Babba ya ce, "Ai ba bango ne ya aiko ni ba."

Abin da ya lura da shi shi ne, irin mai ramin nan da aka nuna masa tana da ruri, ta dace da fim in jirgi ya faɗo, amma in aka bugi ganga sai sautin ya yi ta jan jiki, bugu na biyu ya tarar da na farko bai tafi ba. Rufaffiyar kuwa, marar rami, in gangar ta yi shiru, ita ma ta yi. Babba ya san gangar nan. Shi yake ɗaukar ta a ka yana yaro, in sun doshi gona Baba yakan buge ta tana kansa don a san sun iso. A shago na goma sha ɗaya ya rufe ido, ya ce a ƙara, ya ce a ƙara, sannan ya ce, "Ita ce." Mai shagon ya ce guda ta isa. Babba ya nuna masa takardar awon falon, ya ce guda za ta ɓace a ciki, ga kuma yara da fim ɗinsu. Ya ɗauko manya guda biyu, ya zauna a bayan mota yana riƙe da su har gida.

Aka ajiye su hagu da dama da talabijin, yadda kowa yake yi. Bayan la'asar aka taru, Baba ya zauna a kujerarsa, aka kunna. Kwanukan Inna da ke cikin kabad suka fara rawa. Ni da nake can bakin ƙofa, har cikina na ji. Kafaɗun Inna suka fara motsi ba ta sani ba. Sai Baba ya juyo yana murmushi ya ce, "To, ku kunna mana."

Ya bi fuskokinmu ɗaya bayan ɗaya, ya gane. Ya laluba takalmansa ya ce, "Ashe kunnen ya ƙare." Ya shige ɗakinsa. Daga ranar ya daina zuwa falo, ya daina zama ƙofar gida. Tuwon da ake kai masa rabi yake dawowa. Na sani, don ni nake ɗauko kwanon.

Direba shi ne na tsakiya, yana jan bas tsakanin Malumfashi da Funtua. Ƙato ne mai tumbi da dariya, kuma Inna ta ce tun yana ƙarami shi kaɗai ne yake sa hannu a kwanon ubansa. Mako guda bayan abin nan, ya dawo daga hanya a gajiye, ya tarar ana kallon fim ɗin yaƙi, kujeru duk sun cika. Bai yi wani tunani ba, ya zube a kujerar Baba.

Inna ta ce, "Tashi, marar ta-ido. Mai ita yana da rai."

Bai tashi ba. Ya ɗaga mata hannu ya ce, "Inna, wa ya rage sauti?"

Ba wanda ya rage. Ya miƙe ya yi taku biyu, ya ji falon yana ruri. Ya koma ya zauna, ya ji tsit, sai ƙarar sama-sama. Ya yi haka har sau biyar, kamar mai motsa jiki. Ya aika aka kira Babba, ya ce ya zauna ya ji. Babba ya ce ko kusa. Direba ya dafa kafaɗunsa ya danna shi a kai. Babba ya kasa kunne, sai idonsa ya kawo ruwa.

Ashe a duk faɗin falon, wuri ɗaya ne kaurin sautin yake mutuwa, kuma nan kujerar Baba take. Ni yadda na fahimce shi, kamar in kika ɗauko ruwa a baho ne: gefe da gefe yana ta tashi yana faɗuwa, tsakiya kuwa da ƙyar yake motsi. Da a wani gida ne, tun ranar farko wani zai zauna ya gane. A namu, kunya ta hana.

Kujerar ba ta matsuwa, don nan Baba ya zaɓa da kansa, daga nan yake hango mai shigowa. Direba ya ce shi dai abin da ya sani a aikinsa, hanyar da ta kai ka ita take dawo da kai. Ya kinkimi wufa guda ya ɗora a kan kujerar Baba, Inna ta riƙe baki. Ya sa kiɗan, ya durƙusa, ya kama rarrafe yana bin gindin bango, kunnensa kusa da ƙasa. Inda ya ji gangar ta fito sosai, sai ya yi alama da alli, don in aka ajiye wufa a nan, sautin zai iso kujerar. Yini biyu bai fita da mota ba. Matan maƙwabta suna shigowa su ga magidanci yana jan tumbi a kan tayil, su fita suna toshe baki da mayafi. A ƙarshe ya kai guda kusurwar gaba kusa da ƙofa, ɗayar kuma can baya ƙarƙashin taga. Ya zauna a kujerar, aka kunna, ya dafe ƙirji. Gwiwoyinsa sun sale, amma gangar ta iso.

Sai dai mai kujerar ya ƙi fitowa. Babba ya durƙusa ya yi masa bayani da ƙarfi. Direba har ya tona wa kansa asiri, ya ce ya zauna a kujerar ya ji da kunnensa. Baba ya ce, "Kun gwada, Allah ya yi muku albarka. Amma kada ku sa in ƙara zama gaban jikokina kamar turmi." Ya juya fuska bango.

Auta mai aski ne, yana da ɗan shago a bakin tasha. Sai ya yini bai yi magana goma ba. Kowace Juma'a da hantsi shi yake yi wa Baba aski, kuma ya daɗe da lura da wani abu: in kilifa ta bi ta bayan kunnen Baba tana gurnani, sai ya lumshe ido, babban yatsan ƙafarsa ya fara motsi. Don haka shi bai taɓa yarda kunnen ya mutu ba. Bai kuma taɓa yi wa Baba maganar ganga ba, ko sau ɗaya.

Juma'ar farko ya ce ɗakin ya yi duhu, ba ya ganin ƙeya sosai, aka yi askin a bakin ƙofa. Ta biyu ya ce bakin ƙofa zafi, aka koma ƙarƙashin bishiyar tsakar gida. Ta uku ya ce kilifarsa mai caji ta lalace, ya zo da mai waya, wayar kuwa ba inda za ta kai sai soket ɗin bakin falo. Mai cajin tana aljihunsa lafiya lau, na ga kanta ya leƙo. A tsakanin nan, kullum in ya dawo daga shago sai ya tsuguna bayan akwatunan yana murɗa maɓallansu kaɗan-kaɗan, yana neman inda kaurin zai yi daidai da gurnanin nan da Baba yake ji.

Juma'a ta huɗu ya roƙi kowa ya bar falon. Ya ce wa Baba kujerar robar da ake askin a kai tana gocewa, yana tsoron ya yanke shi. Baba ya dube shi, ya dubi falon, ya ga ba kowa, ya shiga ya zauna a kujerarsa. Inna tana bayan taga, ni ina bayanta da tiren shinkafa a hannu. Auta ya yafa masa ƙyalle, ya aske rabin kai, sannan ya kashe kilifa. Ya danna wayarsa ya sa kiɗan Baba, ya riƙa ƙara sautin a hankali.

Yatsan ƙafar ne ya fara. Sai muka ga ƙyallen yana motsi, hannun yana bugun cinya a ƙarƙashinsa. Baba bai buɗe ido ba. Can sai ya ɗaga yatsa ya ce, "Nan Cindo zai shiga." Bai rufe baki ba muryar Cindo ta shigo. Muryar ba ta kai kunnensa ba, gangar ce ta gaya masa wurin. Inna ta ja mayafi ta rufe fuska.

Sau uku ya sa aka maimaita. Da aka kira salla ba a ƙarasa askin ba, haka ya ja hula ya rufe rabin kan ya tafi masallaci. Da ya dawo ya cinye tuwonsa, ya nemi ƙari.

Da yamma kowa ya hallara a falo. Baba ya sa aka kawo kujera guda aka ajiye dab da tasa. Ya dafa ta ya ce, "Wanda ya dawo mini da gangata, ya zo ya zauna nan."

Babba ya gyara murya ya ce, da ya ɗauko mai fitilun nan, ko a kan Baba aka ɗora ta ruri kawai zai ji, ba gangarsa ba. Direba ya naɗe wando ya nuna gwiwoyi, ya ce, "Yaya, naka akwatunan kwanukan Inna suka yi wa kiɗa sai da na rarrafa." Aka juya wajen Auta. Yana kallon ƙasa ya ce, "Da har yanzu kujera ake kaɗa wa."

Aka ce Inna ta raba gardama. Ta ce ita duka ukun ta goya, kada a sa ta a ciki. Baba kuwa bai ji ko ɗaya daga cikin maganganunsu ba. Yana ta dafa kujerar yana cewa a zo a zauna mana, a ƙara sa kiɗan.

To, ga wanda ya zaɓo, ga wanda ya nemo wuri, ga wanda ya kawo mai ji. Ku da kuka ji yadda aka yi, wane ne a cikinsu ya kamata ya zauna kusa da Baba?