Jatau Mai Ratsa Shanya

"Ku matso kusa, ga ta nan ga ta nanku."

"Ta zo mu ji ta, Gwaggo."

Wata ɓera ce, sunanta Tambai, suna zaune da mijinta Jatau a ƙarƙashin wani rumbu. To, mazan ɓerayen wurin suna da wata al'adar banza. Idan matar mai rumbun ta baza shanyar gero, namiji bai cika namiji ba sai ya ratsa fili ya ɗauko ƙwaya daga tsakiyar tabarma. Mata kuwa jikin bango suke bi, suna tsintar abin da iska ta watso.

Ana nan, Tambai ta samu ciki. Ta je wurin Iya Jaɓa mai wankan gawa, ta ce, "Iya, mijina zai ga jikokinsa kuwa?"

Iya ta ce, "Ta ina yake bi?"

"Ta tsakiya."

"Ke fa?"

"Ta jikin bango."

"To ke har tattaɓa-kunne za ki gani. Shi ko sunan cikin nan ba zai gani ba. Ni ba duba nake yi ba, 'yar nan, gawa nake wankewa. Tsofaffin da ake kawo mini duk mata ne. Maza da haƙoransu cif suke zuwa."

Tambai ta koma ta faɗa masa. Jatau ya ja tsaki. "Jaɓa mai warin baki? Ni in bi bango kamar mace?"

Aka baza shanya. Abokai suka ɗauki kirari: "Jatau na Tambai, ratsa fili! Bango na mata ne!" Ya fyalla, ya dawo da ƙwaya ɗaya tal. Tambai ta ce, "Maigida, wannan za mu ci?" Ya ce, "Ba ta ci ba ce, ta suna ce."

Aka sake shanya. Aka sake kirari. Kyanwa ta kai masa wawura, ya sha da ƙyar. Tambai ta ce, "Maigida, ina wutsiyarka?" Ya ce, "Dama nauyi take yi mini."

Shanya ta uku, Tambai ta tare ƙofar rami. "Don Allah, don abin da ke cikina." Sai ga kirari daga waje. Ya zille. Ta kai hannu za ta riƙo shi, babu wutsiyar riƙewa. Yana kaiwa tsakiyar tabarma, shaho ya sauko, fyuu!

Masu kirari suka zo gaisuwa. "Kai, an yi namiji! A tsakiya ya tafi!" Suka cinye geron sadaka, wanda Tambai ta tsinta a jikin bango, suka karkaɗe gashin baki suka watse.

Iya Jaɓa ta iso da ƙwaryarta. "Ina gawar?"

Tambai ta nuna sama.

"To, wannan dai ya hutar da ni."

Tambai ta haihu ita kaɗai. Duk ɗan da ya leƙa fili, sai ta cije masa kunne. Shi ya sa har yau ɓera jikin bango yake bi. In kuka ga wani yana tsalle a tsakar gida, namiji ne da bai ji cizon uwa ba, kada ku sa shi a lissafin baɗi. Masu zuga ba sa yin takaba. Ni da na yi ta, na sani.

Ƙurunƙus kan ɗan ɓera. Kan Jatau kuwa, sai ku tambayi shaho.