Mutumin da Ya Huda Ramin Ƙanwarsa

An yi wani mutum a nan tsibirin namu, ba zan kama sunansa ba, jikokinsa suna raye. Ku da kuke zaune nan kun san ƙasarmu: farin yashi ne da tsakuwar murjani, ka zuba ruwa da safe, kafin hantsi babu alamarsa. Baƙar ƙasa ba a tarar da ita a nan, da hannu ake yin ta. Mutum ya haƙa rami har ya taɓa ruwan daɗi, ya yi ta zuba ganye yana ruɓewa shekara da shekaru, sannan babai, gwazar nan tamu, ya yarda ya yi girma. Ruwan daɗin ma ɗan kaɗan ne, a kan na gishiri yake kwance.

Mutumin nan ya gaji rami daga ubansa, ƙasar da kakanni huɗu suka tara. Ƙanwarsa Teiraoi ta gaji na kusa da shi, ƙarami, a ɗan tudu. Amma ita ta yi jinyar tsohon shekara uku, lokacin da yayan yake yawon kamun kifi da shan giyar kwakwa. Saboda haka ita tsohon ya raɗa wa sirrin gidan: wane ganye ake haɗawa da wanne, da lokacin da ake zubawa.

Babai ɗinta ya fi mutum tsawo. Nasa yana nan yana ba da abinci, gidansa bai taɓa kwana da yunwa ba. To me ya rasa? Ba abin da ya rasa sai yabo. Ran wani biki aka shigo da na Teiraoi zauren gari, maza biyu suna ɗauke da shi a sanda, sai wani tsoho mai suna Baraniko ya waiwayo wajen yayan.

"Kai, ina naka? Ko shi ne wancan da muka ɗauka dankali ne?"

Zaure ya kwashe da dariya. Shi ma ya yi dariyar, amma ranar bai ci abinci ba.

Ran Lahadi, gari duk yana coci, ya ce kansa na ciwo. Ya ɗauki dagi ya shiga ramin ƙanwarsa. Ya san abin da kowane yaro ya sani, cewa a ƙarƙashin laka akwai farin dutse, kuma ba a huda shi. Ya yi ta sara yana jin waƙar jama'a daga nesa, har dagin ya zarce. Ya rufe wurin da ganye, ya wanke ƙafa, ya koma ya kwanta.

Ya 'yan uwa, wa ya gaya masa ruwan ƙarƙashin ƙasa ya san iyakar gado? Sabon wata ya kama, teku ta cika, gishiri ya taso ta hudar. Ramin ƙanwar yana tudu, nasa yana gangare. Ganyen babai ɗinsa ne ya fara yin rawaya. Ya ɗanɗana ruwan, ya ji zartsi, ya tofar, ya kasa gaya wa kowa. Da ya yi magana a makon nan, da an taru an toshe. Amma yaya zai nuna hudar ba tare da ya nuna kansa ba? Ya zuba ido wata biyu, ramuka biyu suka ruɓe suna wari.

Dattawa suka kwashe laka suka ga hudar, bakin dagi a fili. Aka tuna wanda kansa ya yi ciwo ran Lahadi.

Teiraoi ta haƙa sabon rami a tsakiyar tsibiri, ta fara daga farin yashi. Ta tsufa a wurin. Shi ma ya haƙa nasa, ya zuba duk ganyen da ya samu, abin ya ƙi. Da ya gaji ya je ƙofarta ya tsuguna.

"Ƙanwata, ki gaya mini abin da Baba ya gaya miki."

"Yaya, da ka tambaya tun farko, wallahi da na faɗa maka. Yanzu ɗiyata zan gaya wa. Tashi ka tafi, zan aiko maka da abinci."

Ta kuwa aika. Shekara goma sha ɗaya yana cin babai ɗin da ta noma, dafaffe, a kwanon sadaka, har ya mutu. Tsofaffin ramukan suna nan a bayan makabarta, ko ciyawa ba ta fitowa.

Abin da ke ƙona mini rai, ba mugu ba ne a idon mutane. Irinmu ne, yana gaisuwa, yana zuwa jana'iza. Hassada ce ta shige shi ta wasan tsoho guda, ya bar ta ta zauna. Abin da mutum huɗu suka tara da bayansu a sunkuye, ya kashe shi kafin a tashi daga coci. Wanda duk yake jin zafin albarkar ɗan'uwansa a safiyar nan, ya sani dagin yana hannunsa. Ya ajiye tun bai sara ba.

Allah ya kiyaye mu da zuciyar da ba ta ƙoshi da rabonta, ya tsare 'yan uwanmu daga hannunmu. Amin.