Kujerar Gaba ta Motar Nomau

Ku gyara zama in ba ku wani labari, amma ku sani inda na tsaya nan aikinku zai fara.

A wani ƙauye da ake kira Rafin Gawo an yi wani dattijo, Malam Nomau, mai gonar albasa a fadama da kuma wata tsohuwar mota, ita kaɗai ce a garin. Ta tsufa har aka sa mata suna Hajiya Babba. Ita ke kai mutane kasuwa ran Laraba, kuma duk wanda ya taɓa shiga ya san wuri ɗaya ne a cikinta ake zama kamar mutum, wato kujerar gaba. A baya kuwa, da kai da awaki da buhunan gero duk ɗaya ne.

Wata shekara da rani, albasa ta fara sa kai, sai injin ban ruwan Nomau ya mutu murus. Ya sayo wani ƙaton inji daga birni, amma direban babbar mota ya sauke masa shi a bakin kwalta, ya ce shi ba ya shiga yashi. Ran nan kwana huɗu ke nan gona ba ta ga ruwa ba, ganye duk ya kwanta. Manoma suka ce in aka kai gobe, sai dai haƙuri sai baɗi.

Aka taru aka ɗora injin a amalanke, aka maƙala a bayan Hajiya Babba. Ana sakin nauyin sai ta zauna daɓas, salansa ta kama ƙasa, fitilun gaba suka koma kallon sama kamar mai neman watan Sallah. Nomau ya cire hula ya ce, "Wallahi duk wanda ya kai min injin nan gona kafin rana ta faɗi, kujerar gaba tasa ce kyauta, har in mutu ko motar ta mutu."

To, akwai wasu aminai uku a gindin darbejiya suna shan rake: Ɓarau mafarauci, Jatau maƙeri mai taɓa gyaran mota, da Ilu mahauci, wanda ƙibarsa ta sa ba ya shiga ƙofar zaure sai da gefe. Jatau ya leƙa ƙarƙashin motar ya ce sifirin ɗin baya, wato ƙarfen da ke ɗauke nauyin mota, shi ne ya gaji, sai an ƙara mata wani. Amma mai sayar da sifirin yana birni, tafiyar yini guda.

Sai Ɓarau ya ce ya san wata a-kori-kura da ta faɗa kwari shekaru goma da suka wuce, can cikin daji inda ba mai zuwa sai shi da karensa. Ya je ya tarar ƙudan zuma sun mai da ita gidansu. Ya hura musu hayaƙin busasshen kashin shanu, suka ƙi jin magana. Haka ya kwanta yana kwance noti suna harbinsa. Da hantsi ya dawo ɗauke da sifirin biyu a ka, fuska ta kumbura har karen nasa na binsa da haushi.

Jatau ya karɓa. Ba shi da jak, sai ya aro turmi biyu a wani gida kusa, matar gidan tana cewa, "In kuka fasa min turmi, a kanku zan daka tuwon yau." Aka ɗaga motar aka tokare ta da su. Sifirin ya yi tsawo, sai ya hura wuta ya datse, ya lanƙwasa, ya huda, ya ɗaure shi a ƙarƙashin tsohon. Da aka sauke motar sai ta tsaya a karkace kamar mai takalmi ƙafa ɗaya. Ya sake shiga, ya zare falle guda a hagu, ya daidaita. Tun hantsi har bayan azahar yana kwance a yashi mai zafi, turmi na ƙara a kusa da kunnensa. Da ya fito, aka sake maƙala amalanke, Hajiya Babba ta tsaya cak kamar ba ita ce ta zauna ɗazu ba.

Duk wannan hidimar Ilu bai yi komai ba sai shan rake da ba da shawarar da ba wanda ya nema. Aka kama hanya lafiya, har aka zo hawan gaɓar rafi. Nan nauyin baya ya ɗaga tayoyin gaba, Nomau ya murza sitiyari ya ji ba ya riƙe komai, mota ta nufi rami. Ya taka birki yana salati, aka sa duwatsu a taya. Sai Ilu ya yar da rakensa, ya hau kan bonet ya kwanta rub da ciki, tayoyin suka koma ƙasa. Bonet ɗin kuwa ya yi zafi kamar tandar waina. Ga shi kuma ya tare wa direba hanya, don haka shi ya zama idonsa, yana ihu, "Dama, Baba! Damar taka, ba tawa ba!" A haka aka hau gaɓa, a haka aka isa fadama, rana ta yi ja amma ba ta faɗi ba. Aka tayar da inji, ruwa ya bi kwami-kwami, albasa ta tsira. Ilu kuwa sai da ya yi mako bai sa riga ba.

Ran Laraba da safe Nomau ya fito ya tarar da su ukun sun riƙe marfin ƙofar gaba. Ɓarau ya nuna fuskarsa, Jatau ya nuna bayansa da yashi ya gasa, Ilu ya buɗe tumbinsa ya ce, "Baba, ka duba da kyau, har tambarin motarka na nan." Kujera ta mutum ɗaya ce, rantsuwa kuma ba a raba ta uku. Ga mutane da awakinsu a baya suna jira, kasuwa na ci.

To, ku da kuke zaune, in ku ne Malam Nomau, wa za ku buɗe wa ƙofar?